Daga Teburin Babban Ma'aikaci Zuwa Gaban Alƙali: Rayuwar Udoji da Tambayar Wani Mataimakin Darakta

"Assalamu alaikum, Barista. Ni mataimakin darakta ne a wata ma'aikatar tarayya, ina mataki na 16, shekarata 53, saura shekara 6 in cika 35 a bakin aiki. Tun ina yaro nake jin mahaifina yana ba da labarin kuɗin Udoji. Kwanan nan kuma na ji an ce shi Udojin babban ma'aikacin gwamnati ne da ya koma lauya bayan ya bar aiki. Gaskiya ne? In haka ne, ni ma zan iya bin sawunsa, ko lokaci ya ƙure mini? Na daɗe ina sha'awar aikin lauya."

Wa alaikumus salam, Yallaɓai. Tambayarka biyu ce a haɗe: wane ne Udoji, sannan ko hanyar da ya bi tana nan a buɗe ga mai shekara 53. Ta biyun ta fi taɓa ni, domin ni ma na yi shekara 19 a sashen kula da ma'aikata kafin na ajiye na koma aji. Amma bari in fara da ta farkon, saboda labarin da aka ba ka rabinsa ne, kuma rabin da aka bari shi ya fi shafarka.

Udoji ya riga ya zama lauya kafin ya zama babba

Cif Jerome Udoji mutumin Ozubulu ne, a jihar Anambra ta yau. Da malanta ya fara, sannan ya yi aikin akawu, daga baya ya tafi Ingila ya karanta shari'a a Jami'ar Kambirij, aka rantsar da shi lauya a Landan a 1948. Da ya dawo gida bai buɗe ofishin lauya ba. Aikin mulki ya shiga, a zamanin da kujerar Di'o, wato jami'in mulkin gunduma, kusan ta Turawa ce zalla, ya zama yana cikin 'yan ƙasa na farko-farko da suka hau ta. Ya yi aiki a ƙasar Ekiti da ta Egbado a Yamma, sannan a 1954 ya koma Jihar Gabas, inda ya riƙe babban sakatare a ma'aikatu daban-daban har ya kai ga zama shugaban ma'aikatan yankin baki ɗaya, yana aiki kai tsaye da Firimiya Michael Okpara. Bayan juyin mulkin Janairun 1966, da aka naɗa Odumegwu Ojukwu gwamnan soja na Gabas, Udoji bai daɗe ba ya bar kujerar. A nan ne ya ɗauko takardar da ya ajiye kusan shekara 18, ya fara aikin lauya mai zaman kansa.

Ka lura da wannan sosai: bai je neman ilimin shari'a bayan ya bar aiki ba, da abinsa ya shiga. Ba shi kaɗai ba ne ma. Simeon Adebo, takwaransa na Jihar Yamma, shi ma yana da takardar lauya tun kafin ya kai ƙololuwa. A wancan zamani ana ganin shari'a a matsayin ilimin da mai mulki yake buƙata, tunda Di'o kan duba hukuncin kotunan gargajiya, ya sasanta rikicin ƙasa, ya fassara doka ga En'e, wato hukumar gargajiya.

Abu na biyu, bai daɗe a aikin lauyan ba, kimanin shekara biyu ya yi. Abin da duniya ta zo nema a wurinsa sanin yadda ake tafiyar da gwamnati ne. Gidauniyar Ford ta ɗauke shi mai ba da shawara kan harkar mulki, ya yi aiki a ƙasashen gabashi da kudancin Afirka da ba su daɗe da samun 'yanci ba, ciki har da Suwazilan, inda ya duba yadda 'yan ƙasa za su gaji kujerun Turawa. Daga nan Janar Yakubu Gowon ya kira shi a 1972 ya shugabanci hukumar sake fasalin aikin gwamnati, wadda ta miƙa rahotonta a 1974.

Matakin nan na 16 da kake kai, daga rahoton ya fito, domin shi ya kawo tsarin albashi na bai ɗaya daga mataki na 01 zuwa na 17. Amma rahoton ya fi ƙarfin maganar albashi. Ya nemi a riƙa auna ma'aikaci da abin da ya cim ma, a ɗaure kasafin kuɗi da ayyuka bayyanannu, ma'aikaci ya riƙa ganin abin da shugabansa ya rubuta a kansa a rahoton shekara. Abin da mutane suka riƙe shi ne ƙarin albashi da ariyas ɗin da aka mayar baya zuwa Afrilun 1974, aka biya a dunƙule. Kuɗi suka cika hannu, kaya ba su ƙaru ba, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 1975. Shi ne labarin da mahaifinka yake ba ku. Ni dai har yau ina ganin ba a yi wa mutumin adalci ba, an liƙa sunansa a kan sashen da ya fi kowanne sauƙin aiwatarwa, aka bar mai wuyar a cikin kundi. Daga baya ya shugabanci Kasuwar Hannun Jari ta Najeriya da Ƙungiyar Masu Masana'antu, ya rubuta tarihin aikinsa mai suna Under Three Masters, wato zamansa ƙarƙashin iyayen gida uku: Turawa, 'yan siyasa da sojoji. Ya rasu a 2010.

To ka ga, in ka ce za ka bi sawunsa, sai ka san wane sawun. Takardar lauya ta zame masa mafaka ranar da kujera ta kuɓuce, amma abin da ya ɗaukaka shi bayan nan tsohon iliminsa ne na ofis.

Lissafin shekaru

Gemu ba ya hana ilimi, kuma babu dokar da ta ƙayyade shekarun zama lauya a Najeriya. Sai dai hanyar ɗaya ce, ba ta da ratse. Tunda kana da digiri, za ka iya neman shiga aji biyu kai tsaye ta hannun JAMB, ka yi shekara 4 maimakon 5. Bayan nan sai shekara guda a Makarantar Horas da Lauyoyi, wadda hedikwatarta take Bwari, da rassa a Legas, Inugu, Bagauda, Yola, Yenagowa da Fatakwal. Ka ci jarrabawar ƙarshe, a rantsar da kai, ka sa hannu a rajistar Kotun Ƙoli. Shekara 5 ke nan in komai ya tafi daidai, kuma ka ƙara guda a lissafinka saboda yajin aiki da jiran gurbi.

Inda manyan ma'aikata suka fi faɗawa rami shi ne nan: Majalisar Ilimin Shari'a, wadda take riƙe da makarantar, ba ta karɓar digirin shari'a na karatun yamma ko na ƙarshen mako ko na daga nesa. Waɗanda suka yi shari'a a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa sun yi shekaru suna jira da kai-komo kafin a samar musu wata hanya ta musamman. Haka kuma kowace tsangayar shari'a tana da adadin ɗaliban da aka amince ta tura a shekara, jami'ar da ta ɗibi fiye da ƙima ɗalibanta ne suke zaman jiran layi. Mai shekara 22 zai iya jure jiran shekara biyu. Kai kowace shekara tsada gare ta.

Saboda haka karatun na cikakken lokaci ne, kai kuma ma'aikaci ne na cikakken lokaci. Ko dai ka nemi hutun karatu a rubuce, da albashi ko babu, ko ka yi ritaya don raɗin kanka, ko ka jira shekara shidan su cika. Akwai masu bin ta huɗu, su yi rajista a jami'a su riƙa satar jiki daga ofis. Kada ka yi. Rashin zuwa aiki ba izini babban laifi ne a Dokokin Aikin Gwamnati, yana iya kai ga kora, kuma kafin a rantsar da kai lauya sai an tabbatar da kyawun halinka. Bai kamata ka shiga sana'ar doka ta ƙofar karya doka ba.

In ka jira ritaya, za ka fara kana 59, a rantsar da kai kana 64 ko 65. In ka samu hutun karatu ka fara baɗi, za a rantsar da kai dab da ritayarka, amma ka san kujerar darakta za ta iya wuce ka kana aji, kuma da wuya ma'aikata ta saki mataimakin darakta shekara 5 a kan karatun da ba zai dawo ya yi mata amfani da shi ba. Ko da ka samu takardar kana cikin aiki, ba za ka karɓi shari'ar kowa ba sai ka fita. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da wata sana'a ta kansa, in ban da noma.

Wasu ƙofofin kuma a rufe suke, gara in faɗa maka tun yanzu. Alƙalin Babbar Kotu sai wanda ya shekara 10 da zama lauya, kuma suna ritaya a 70. Muƙamin Babban Lauyan Najeriya, wato SAN, shi ma sai bayan shekara 10, tare da tarin shari'o'in da mutum ya yi har Kotun Ƙoli. In waɗannan ne burinka, lokaci ya ƙure. In aikin ne kansa kake so, bai ƙure ba.

Girman ofis ba ya bin mutum kotu

Karatun ba shi ne ya fi ba ni wuya ba. Wanda ya saba rubuta bayani a fayil, ya tsara takardar majalisar zartarwa, ya riga ya iya rabin abin da ake koya wa ɗalibi: ya karanta abu mai tsawo, ya fito da gundarinsa, ya ba da shawara a taƙaice. Abin da ya fi wuya shi ne sauka.

A wurin lauyoyi, girma daga ranar rantsuwa ake ƙirga shi. Yarinyar da aka rantsar shekara guda kafin kai ta girme ka, ko da sa'ar 'yarka ce. A kotu Manyan Lauyoyi suna zama a sahun gaba, a fara kiran shari'arsu, sannan a bi sauran gwargwadon daɗewa. Kai da yau masinja yake kawo maka fayil, direba yana jiranka, gobe kai ne za ka ɗauko wa wani jakar littattafai, ka tsaya a ofishin magatakarda kana jiran ƙaramin akawu ya buga maka hatimi. Wanda na fara aiki a ƙarƙashinsa na ba shi shekara 11. Takardar farko da na rubuta masa ya dawo mini da ita da jan biro tun daga sama har ƙasa, kuma gaskiyarsa ce. Na rubuta ta ne irin ta ofis, mai kaffa-kaffa, mai barin ƙofa a buɗe don na sama ya zaɓa. Lauya kuwa gefe guda yake tsayawa, ya faɗi abin da yake so kotu ta yi, ya kawo sashen doka da hukuncin baya da suka goya masa. Sai da na yi kusan shekara biyu kafin hannuna ya saki tsohon salon.

Na ga tsofaffin daraktoci biyu da suka kasa jure wannan. Ba ilimi suka rasa ba. Ɗaya ya buɗe ofishinsa tun ranar farko don kada ya zauna ƙarƙashin yaro, ya yi ta tafka kurakuran da wata shida a hannun gwani za su raba shi da su, kuma masu shari'arsa ne suka biya kuɗin kurakuran. Doka ba ta hana sabon lauya buɗe ofis ba, amma ina roƙonka, in ka kai nan, ka ba wani shekara biyu ya gyara ka.

Sai maganar samu. Ka saba da albashi ranar da aka sani. Lauya mai zaman kansa yana iya yin wata uku bai ga komai ba, kuma ƙa'idar sana'ar ta hana shi bin mutane yana tallar kansa. Waɗanda suke cika ofishinka yau, kujerar suke gaisarwa, kaɗan ne za su biyo ka da aiki. Dangi da abokai kuwa za su zo da yawa, mafi yawansu ba da niyyar biya ba. Kada ka taɓa kuɗin fanshonka don kafa ofis da tunanin zai mayar da kansa a shekarar farko.

Abin da kake da shi wanda matasa ba su da shi

Da tsohuwar zuma ake magani, kuma a nan ne nake ganin amsarka take. Akwai fagen shari'a da tsohon ma'aikaci yake shiga kamar gidansu. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1981 a shari'ar Shitta-Bey da Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya, sannan ta Olaniyan da Jami'ar Legas a 1985, ya tabbata cewa wanda doka ce ta kafa sharuɗɗan aikinsa ba a korarsa yadda aka ga dama. Dole a bi matakan da dokar ta shimfiɗa ɗaya bayan ɗaya, a ba shi damar kare kansa kamar yadda sashe na 36 na tsarin mulki ya tanada. In an tsallake mataki, kotu tana iya rushe korar ta mayar da shi bakin aiki. Gyaran tsarin mulki na 2010 kuma ya tattara irin waɗannan shari'o'i a hannun Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ƙarƙashin sashe na 254C.

Wa ya san matakan nan kamar wanda ya yi shekara 30 yana bin su? Wani ma'aikaci ya taɓa zuwa mana an kore shi, lauyoyi biyu sun duba sun ce ba abin yi, tunda an ba shi takardar tuhuma, ya amsa, kwamiti ya zauna. Da na karɓi takardun, ban fara da wasiƙar korar ba. Lambobin shafukan fayil na bi, da sa hannun da ke ƙasan kowane bayani, kamar yadda na saba. Sai ga shi kwamitin da ya yanke hukuncin ba shi da hurumi a kan mai wannan mataki, hurumin na hukumar da ke sama ne, kuma babu inda ya nuna an tura mata. A kan wannan kaɗai aka mayar da mutumin aikinsa da albashinsa na baya. Ba wata gwaninta ta doka na nuna ba. Na san yadda fayil yake tafiya ne, na kuma san inda ya kamata ya biya bai biya ba.

Haka abin yake a rikicin fansho, da shari'ar kwangila ƙarƙashin Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, da neman bayanai ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Matashin lauya zai rubuta wa minista wasiƙa ya zauna jira. Kai ka san teburin da wasiƙar za ta kwana, ka san takardar da za ka nemi kotu ta sa a fito da ita. Za ka kuma kiyaye da Dokar Kare Jami'an Gwamnati, mai cewa a shigar da ƙara cikin wata 3. Kotuna sun yi ta kai-komo kan ko ta shafi shari'ar aiki, shi ya sa ni ba na barin wata ukun su wuce in dai mai ƙara ya zo da wuri.

Amma wannan ilimin yana da iyaka, kuma iyakar amana ce. Ƙa'idojin sana'ar lauya sun hana wanda ya riƙe muƙamin gwamnati karɓar shari'a a kan lamarin da ya taɓa ba da shawara ko ya yi aiki a kansa yana ofis. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 kuma ba ta sakinka don ka yi ritaya. Sanin yadda tsari yake aiki naka ne, ka tafi da shi. Abin da ka gani a cikin wani fayil na musamman ba naka ba ne. Za a zo maka da tayi mai tsoka saboda an san ka san abin da ke ciki, kuma ranar ce za a gane wane irin lauya ne kai. Na mayar da irin wannan aiki sau biyu, a lokacin da nake matuƙar buƙatar kuɗin.

In ba kotun kake so ba

Ka tambayi kanka abin da yake jan ka. In tsayuwa gaban alƙali ne da kare wanda aka zalunta, to sai doguwar hanyar. In kuwa warware rikici ne da aiki da doka, akwai sulhu da sasanci, wanda Dokar Sasanci ta 2023 ta ƙara wa ƙarfi, kuma ba sharaɗi ba ne mai sasanci ya zama lauya. Horonsa na watanni ne, za ka iya yinsa kana bakin aiki, kuma furfura da sanin mulki daraja ce a wurin. Wannan ya fi kusa da abin da Udoji ya yi da rabin rayuwarsa na biyu fiye da zaman kotu.

Ni a fagen shari'ar ma'aikata na ƙware, daga nan nake magana, kuma na sauya hanya ina ɗan arba'in da 'yan kai, ba ina dab da sittin ba. Bambancin shekarun nan da ke tsakaninmu ba ƙaramin abu ba ne ga ido da gwiwa da haƙurin zama a aji. Lafiyarka, da yawan yaran da ke makaranta, da ra'ayin uwargida, kai ne za ka auna su, domin shekara 5 ba albashi ko kuma da rabin samu, gidan gaba ɗaya ne zai ɗauka.

Da ni ne a matsayinka, ba zan ajiye aiki yanzu ba, ga darakta a gabana ga cikar fansho. Zan yi horon sasanci a cikin shekarun nan shida. In hutun shekara ya zo, in ware mako biyu in je Kotun Ma'aikata in zauna a bencin baya tun daga tara na safe har a tashi, in ga ɗage shari'a, in ga jira, in ga yadda alƙali yake yi wa ƙaramin lauya magana. In na fito raina yana nan a kai, sai in nemi jerin tsangayoyin da Majalisar Ilimin Shari'a ta amince da su da adadin gurbin kowacce, in duba sakamakona na sakandare ko akwai kiredit a Turanci da Adabin Turanci, tunda tsangayoyin shari'a suna neman su ko ga mai digiri. In babu Adabin, a wannan shekarar zan zauna jarrabawarsa.